Rasuwar Fitilar Ɗakin Salwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da idon da ya manta barci, ni Alhaji Aƙilu Ya'u na Nassarawa nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar fitilar ƙwai da ke ɗumama 'yan tsakin salwata, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi a bakin famfon kicin.

Marigayiyar ta taso tare da ni daga unguwar Gama tun kafin kuɗin mai su buɗe. Ba ta da kyan gani. Hayaƙin shekaru ya dusashe ƙwanta har haskenta ya koma ja-ja kamar garwashi, kuma a nan darajarta take: tana ba da ɗumi, ba ta hana barci. 'Yan tsakin kan kewaye ta, su baje fukafukai, su yi tsit har asuba. Ba a taɓa jin muryarta ba, in ban da "ƙyas" idan an ɗaga ƙwanta, da "fuu" idan lagwani ya kama.

Ba ta yi jinya ba. Muna jiran baƙi daga Legas, sai maiɗakina Hajiya Sakinatu ta yanke hukuncin cewa gidan da ke da injin wuta da talabijin bai dace a ga fitila mai baƙar fuska a cikinsa ba. Inuwa kuku ya ɗauke ta da zafinta ya tsoma a ruwan sanyi, ƙwan ya tsage. Bai tsaya nan ba, ya bi gindinta da toka da soso har ya huda tsatsar da ke riƙe da kananzir. Ba na ɗora masa laifi, abin da aka sa shi ya yi. Baƙin kuwa ko leƙa ɗakin 'yan tsakin ba su yi ba.

Ta bar 'yan tsaki masu yawa waɗanda ba su kai girman ɗan yatsa ba, ta bar ni. An rataya musu ƙwan lantarki mai hasken filin ƙwallo. Tun daga ranar ba su runtsa ba: ci suke, kuka suke, suna tsattsagar juna har jini. Idan na kashe shi, sanyi ya tura su lungu, su danne juna, da safe in kwashe na ƙasa. Na zaga kasuwa, sababbin fitilun duk gwangwani ne, hayaƙinsu shaƙe 'yan tsakin yake, wani ɗan tireda ma dariya ya yi mini. Ni na sayo ƙwayayen nan na sa wa wata kaza, ta ƙyanƙyashe su, ta ƙi su. Ni za a tambaya, ba Inuwa ba. Wannan tunani ne ke zaune a ƙirjina.

Za a binne ta gobe bayan la'asar a gindin mangwaron da ke kusa da ɗakin. Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar shawara. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin 'yan tsakin, fitilu a kashe, murya ƙasa-ƙasa. Ana roƙon maza su zo da babbar riga, domin duk wanda ya zauna za a sa masa marayu biyu a aljihun ƙirji, kuma ba zai tashi ba sai sun yi barci.