Gurun da Ya Fito a Hoto

Ba zan taba mantawa ba da ranar da aka ɗauki hoton ƙuguna. Ana gab da shuka na faɗo daga kan rumbu a Azarori. Maɗori ya ja, ya shafa, amma ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Tsorona ɗaya, kada damina ta same ni kwance, yara babu mai noma musu. Sai taubashina Idi ya kai ni asibitin mishan a amalanke.

A ƙofar ɗakin hoto an rubuta, "A cire duk ƙarfe." Lokacin ina zuwa karatun manya, don haka na karanta wa 'yan layi da ƙarfi, har da bayani (babu wanda ya tambaye ni). Ma'aikacin ɗakin ya ce, "Baba, ka hidda komi?" Na miƙa zobe da 'yar wuƙata. Gurun da ke ƙarƙashin wandona kuwa na yi shiru da shi, don mahaifiyata ta ce ba a kwance shi. A ganina fata ce kawai.

Da hoto ya fito, lokotoro, wato likita, ya ɗaga shi a haske, ya daɗe yana kallo. Ga wasu farare guda uku masu tsini daidai gaɓar ƙugu. Ma'aikacin ya fassara mini: in ƙarfe ne a cikin nama, sai an yi aiki. Na fara tunanin wa zan bar wa gona.

Idi ya leƙa, ya ce, "Ranka shi daɗe, a laluba wandon malamin dai."

Haka aka kwance ni a gaban mutane. Aka farke gurun, sai ga tsofaffin ƙusoshi uku. Ashe maganin ƙarfe ne, kuma da ƙarfe aka haɗa shi. Aka sake hoto. Babu karaya, targaɗe ne, hutu da ƙwaya kawai.

"Taubashi," in ji Idi a hanya, "maganin ya yi aiki mana. Saura kaɗan wuƙar lokotoro ta taɓa ka."

Ban rama ba, daɗi ya hana ni. Na noma gerona a daminar nan da ƙafafuna biyu. Tun daga ranar, in likita ya tambaye ni abin da ke jikina, har ƙwandalar aljihu nakan zube masa a tebur.