Yadda Za Ka Yi Sharhin Faɗuwar Ƙungiya Ba Ka Taɓa Ɗan Maigida Ba

Kai mai sharhi a rediyo, ƙungiyar besbol ta garinku, wasan nan na jifa da dukan ƙwallo da sanda, ta sha kashi sau tara a jere, jama'a na jiran bayani? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na rantse kujerarka ko motsi ba za ta yi ba. Wurin Don Fermín Almonte na kwaso su, wanda ya shekara ashirin yana sharhi a garinmu na masu rake, gaskiya ba ta taɓa suɓuce masa daga baki ba.

1. Gano mai laifi, ka haɗiye sunansa
Har awakin bayan fili sun san Wilkin mai jifa ne matsalar. Ƙwallonsa tafe take kamar tsohuwa ta taso daga coci. To amma ubansa ne mai ƙungiyar, shi ne kuma mai gidan rediyon. Sai Don Fermín ya gyara murya ya ce, "Hannun yaron nan hutawa yake yi."

2. Wanke masu duka
Sati uku suna kaɗa sanda suna dukan iska. Ka ce hayaƙin injin rake ne ke shiga musu ido. Injin ya girmi kakanninsu, amma wa zai tambaye ka?

3. Zuba lambobi
Karanto su da sauri, da ɗigo-ɗigo. Wanda bai gane ba zai ɗauka ilimi ne.

4. Kashe bakin masu kira
Wani direba ya bugo waya: "Haba Don Fermín, makanta ce ko tsoro? Wilkin ko mangwaro ba zai jefo daga bishiya ba!"
"Ɗan'uwa, ba ma jin ka, layinka na rawa." Ƙit! Koyi wannan ƙit ɗin, rabin aikin ke nan.

5. Nemo wanda ba shi da kowa
Dole a yanka wani. Don Fermín ya duba, ya ga Yeuris, mai tsugunawa yana cafe jifa, ɗan mai sayar da abinci. Kwana uku yana nanata cewa Yeuris ne ke ɓata wa Wilkin jifa, don shi ke nuna masa da yatsu irin jifan da zai yi. Ranar Litinin aka sallami Yeuris. Kujera ta tsira, tir!

Gargaɗi
Ba ruwanmu da abin da zai biyo baya. Washegari Don Fermín ya je karin kumallo rumfar Doña Casilda, uwar Yeuris, inda ya saba ci. Ta dire masa dakakkiyar ayaba da soyayyen cuku, ta tsaya a kansa.

"Ci mana, Fermín. Ai da hannun nan ka riƙe min shi ranar baftisma, ka ce kai ne ubansa bayan ubansa."

Cokali ya gagare shi ɗauka. Wannan kam babu shi cikin matakanmu, kada wanda ya neme mu.