Ranar Da Na Nemo Wa Ramuka Lauya

Ba zan taɓa mantawa da satina na biyu a gidan rediyo ba. Lokacin hukuma ta ja wa gidanmu kunne, wai muna jin ta bakin ɓangare ɗaya. Editanmu ya tara mu ya ce, "Duk labarin da babu ɓangare biyu, kada in gan shi a teburina." Na rubuta, har na ja layi a ƙasa.

Sai aka tura ni Janbako kan lalacewar hanya. Direbobi suka yi magana, 'yan kasuwa suka yi, wata tsohuwa ta ce cikin mota surukarta ta haihu kafin su kai Maradun. Kowa bakinsa ɗaya: hanya ta mutu. Nan kaina ya ɗaure. To ina ɗaya ɓangaren? (Wallahi ko kusa ban tuna akwai ofishin da gyaran ke wuyansa ba.)

Na yini ina cigiyar wanda zai ce hanya na da kyau, mutane na kallona kamar mai taɓin hankali. Da la'asar na dace da wani mai facin taya. Ya yi dariya ya ce, "Ni dai wagga hanya lahiya lau take, a bar muna ita haka." Na koma gidan rediyonmu a Mafara ina jin kaina gwani. Edita ba ya nan, na haɗa rahoto: minti ɗaya ga mutanen gari, minti ɗaya cif ga mai faci, na rufe da "ra'ayoyi sun sha bamban."

Ranar Juma'a muka je suna Bakura. Ina tsakiyar cin tuwo, kawuna, wanda ya shekara yana bin sawun maganar hanyar nan, ya ce, "Ɗan nan, kai munka ji a rediyo? Mutumin da ramuka ke ci da shi ka tambaya?"

Na ce, "Kawu, ai doka ce."

"Doka ta ce in gobara ta tashi a ji ta bakin wuta?"

Zaure ya kwashe da dariya. Wani ya ce ai mai facin ba'a yake yi, ga shi yanzu direbobi sun daina gaishe shi. Na tsame hannu daga tuwon.

Sai da na koma Janbako na ba mai facin da mutanen gari haƙuri, na kuma yi kwana uku ina zarya a ofishin da ya kamata in fara zuwa. Tun daga nan na gane: ɓangare na biyu shi ne wanda zai amsa tambaya, ba duk wanda ya yarda ya yi gardama ba.