Goggo Amfilifaya Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau ba su saba da shirun gidan ba, iyalin Malam Markus, malamin firamare a Jega Firchin, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Jega da Aliero da Maiyama rasuwar amfilifayar jitarsa, wadda kowa ya fi sani da Goggo. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a cikin coci, ana tsakiyar baiti na biyu na waƙar godiyar kaka. Shekararta takwas a hannun Malam. Ainihin shekarunta kuwa Allah kaɗai ya sani, don da furfurarta ta shigo gidan.

Wanda bai taɓa ganinta ba ma ya san muryarta. Baƙar akwati ce mai nauyin rabin buhun gero, da abin murɗawa uku, ɗaya ya ɓace aka maye shi da marfin kwalba. In an kunna ta ba ta magana nan take. Sai ta yi ta gunaguni, hummm, hummm, kamar gwaggon da aka tasa daga barcin rana, sai ta ga dama sannan ta buɗe baki. A nan ta samo sunan.

Yadda ta zo gidan abin a faɗa ne. Mahaifiyar Malam, Mama Anna, ta yi shekara talatin tana ba da waƙa a zumuntar mata can garinsu a kudancin Kaduna, kafin kunnenta ya yi nauyi. Da ta dawo Jega wajen ɗanta sai ta tarar ya sayi jita ta lantarki, irin wadda in babu amfilifaya kukanta bai fi na sauro ba. Kullum da la'asar sai ta zauna ta zuba wa yatsunsa ido. Wata rana ta ce, "Markus, kiɗanka yana da kyau a ido." Da fara'a ta faɗa, amma maganar ta tsaya masa a rai. Daga ranar ya fara tarin kuɗi, har ya haɗa naira saba'in, kuma ko shi ya san ba kuɗin shiga kantin Sakkwato ba ne.

Ranar kasuwar Jega ya ɗauki jitarsa, ya ɗauki Mama, ya roƙi mai gidan da suke haya, Gado manomin albasa, ya raka su rumfar Muhammadu mai gyaran rediyo. Amfilifaya uku suka tarar. Akwai ja sabuwa fil mai fitilu, wadda kuɗinta zai haɗiye albashin wata uku. Akwai 'yar ƙarama mai kyan gani wadda aljihun Malam zai iya. Ta ukun tana ƙarƙashin tebur, Muhammadu a kanta yake ɗora kwanon tuwo, wasu makaɗa ne da motarsu ta lalace suka bar ta ba su dawo ba.

Idon Malam a kan ja yake, ba a ɓoye ba. Gado bai san kiɗa ba amma ya san saye. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya latsa, ya sansana, ya ɗaga ya auna a hannu. Da ya zo kan ta ƙarƙashin tebur sai da ya yi nishi. Ya ce, "Malam, albasa ba a sayenta don jan ɓawo. Wagga ta hi su nauyi, da abu cikinta."

Malam bai yi gardama ba, shi ma da nasa ma'aunin ya zo. Ya zaunar da Mama a benci ta juya musu baya, ya jona jitarsa da ja, ya kaɗa. Mutane suka fara taruwa, Mama tana can tana kallon mai tukwane. Ya jona da ƙaramar, ta yi ta tsiwa kamar kanari, Mama ba ta motsa ba. Aka jawo baƙar aka jingina ta da ƙafar benci. Ta yi gunaguninta har Muhammadu ya fara ba da haƙuri, sannan ta saki wata murya mai kauri da ta bi ƙasa ta hau benci. Mama ta ɗaga kai. Ta juyo a hankali ta dubi ɗanta, ta ce, "Markus, tsirkiyarka ta uku ta saki."

Abin da ta fara ji ke nan daga hannunsa. Malam ya yi dariya har ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya koma gyaran tsirkiya don kada a ga idonsa. Muhammadu ya ga komai, da ya so da ya ninka kuɗi a take, amma bai ƙara ko kwabo ba, har ya haɗa musu da wayar batir. Shi ya sa har gobe in wani mai ƙaramin ƙarfi ya zo neman shawara, Malam yakan ce masa ya tafi da jitarsa ta kansa, ya murɗa abin har ƙarshe ya ji ko zai yi kakarin mutuwa, ya tambaya ko yana cin batirin mota don ba ko'ina ake da wuta ba, kuma ya tafi da mutumin da yake yi wa kiɗan.

Marigayiya mai zumunci ce. Ta je bikin malaman makaranta da na ma'aikatan asibiti a Maiyama, ta je ranar raba kyaututtuka, ta kwana garin Liba a kan batir ba ta yi ƙorafi ba. Ba ta zaɓen wanda za ta yi wa aiki. Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a geron Gado a ƙauyen Kashin Zama, kwana uku tana bakin gona Malam yana kaɗa wa tsuntsaye, har suka tattara suka bar yankin. Gado ya ba ta damin gero biyu tukwici, ko da yake har yanzu yana cewa ba ƙarar ce ta kore su ba, kiɗan ne ba su iya jurewa ba.

Ba za a ce ba ta da nata ba, duk mai rai ai da halinsa. Wanda ya taɓa ta ba takalmi takan ɗan ja shi ta gaishe shi har gwiwar hannu. Wata damina rufin ɗakin Malam ya yi yoyo aka kai ta ɗakin albasar Gado ta yi wata biyu, tun daga nan in ta ɗumama sai warin albasa ya tashi. Akwai Lahadin da mutanen layin gaba suka yi ta share ido, mai wa'azi ya ɗauka maganarsa ce ta ratsa su, ya ƙara rabin awa. Amma duk inda aka ajiye ta, a gefenta za ka ga Mama, tafin hannunta a kan akwatin, ɗaya hannun kuma a shirye. In Malam ya yi daidai ta gyaɗa kai. In ya kauce ta ɗaga yatsa. Shekara takwas yana kiɗa ido ɗaya a kan jita, ɗaya a kan yatsan nan.

Ta taɓa leƙa lahira ta dawo. Shekara uku da suka wuce igiya ta kwance ta faɗo daga bayan babur a hanyar Maiyama, gefenta ya tsage, in an kaɗa sai ta yi ta karkarwa, garrr, garrr. Kafinta ya ce sai dai a yi mata sabuwar akwati, Malam ya ƙi, yana tsoron muryar da Mama ta sani ta tafi tare da tsohon katakon. Gado ya ce to me ake jira, karaya ai Aliero ake kai ta. Haka suka ɗauke ta suka shiga layin masu karaya a ƙofar Maccido mai ɗori, tsakanin wani mai karyayyen hannu da wata tsohuwa mai targaɗe. Maccido ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Na ɗora mutum, na ɗora jaki, wagga dai ita ta hwarko. Yaushe ta hwaɗi?" Ya shafa tsagar da yatsa, ya haɗa bakin katakon, ya jera karan dawa ya ɗaure tamau da tsumma, ya ce kada a bar ta ta yi magana sai bayan mako biyu. Malam ya bi doka. Ranar da aka kunna ta, karkarwar ta tafi. Karan nan ba a taɓa kwance shi ba, da shi ta koma ga mahaliccinta.

Ciwon ajalin tun damina ya fara. Muryarta ta dishe, takan yi tari a tsakiyar waƙa, gunagunin safe ya ƙara tsawo. Muhammadu ya buɗe cikinta ya rufe, ya ce tiransifomarta ta tsufa, kuma irinta ko a Kano ba a kawowa yanzu. Malam bai gaya wa kowa a gida ba. Ba akwatin yake ji ba, Mama yake ji, da shirun da za ta koma ciki. Ranar Lahadi, damman dawa da kwandunan albasa jere a gaban coci, Goggo ta ɗauki baitin farko lafiya lau kamar ba ita ba. A na biyu ta ce hummm, ta ce tas. Wani siririn hayaƙi ya tashi, da warin albasa na ƙarshe. Mama ta ɗaga hannunta, ta duba tafin, ta sake mayarwa. Malam ya ƙarasa waƙar a kan jitar da ba mai jinta.

Ta rasu ta bar Malam Markus, da aminiyarta Mama Anna, da jita wadda yanzu take takaba a jikin ƙusa, da batirin Gado da take ci in ba wuta, da Tasalla matar Gado wadda da gunagunin la'asar take sanin lokacin ɗora tukunya, ranar Litinin kuwa sai bayan magariba aka ci tuwo a gidan.

Za a yi zaman gaisuwa ranar Asabar daga hantsi zuwa la'asar a gidan Gado, Jega Firchin. Akwai kunu da ƙosai. Masu zuwa daga Aliero ana roƙonsu kada su kawo albasa, idanu sun sha isasshe. An riga an raba gado: kayan cikinta sun koma wajen Muhammadu ko za su raya wata, maganaɗisun sifikar Tasalla ta karɓa don tsintar allura. Mai amfilifayar sayarwa da sauƙin kuɗi yana iya zuwa da ita, amma ya sani Mama za ta juya mata baya, biyu sun riga sun faɗi jarrabawar ranar Alhamis.

Gangar jikin kuwa ba za a binne ba, kuma ga dalili. Ranar Laraba da la'asar Mama ta jawo akwatin da ba komai a cikinsa ta zauna a kai tana tsintar wake. Malam, wanda kwana uku bai taɓa jita ba, ya sauke ta daga ƙusa ya zauna a tabarma kusa da ita. Don gajiya kawai ya jingina kan jitar da jikin akwatin, ya ɗan kaɗa. Katakon ya amsa can ƙasa-ƙasa, yadda ko kazar da ke wurin ba ta kula ba. Mama ba ta ko ɗago daga tiren wakenta ba. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Markus, tsirkiya ta ukun nan dai."

Saboda haka masu zuwa gaisuwa su zo da tabarmarsu, kuma kada wanda ya zauna a kan marigayiya. Wurin Mama ne.

Sanarwa daga Dorcas, ƙanwar Malam, a madadin iyali.