Malam-buɗe-littafi a Mashayar Shanun Ardo

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranakun duniya, domin a ranar ce aka zaunar da ni a gaban Ardo, laka tun daga gemuna har gwiwa, ana zargin ina yi wa ɓarayin shanu leƙen asiri.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne a Haɗeja, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Abincina a fadama yake. Duk wanda injinsa ya ƙi tashi, mai shinkafa ne ko mai tattasai, ni yake kira, in ɗaure akwatin sifanu a bayan babur in bi shi har gona. Aiki ne na amana, don mutum yakan bar ka kai kaɗai da injinsa a daji ya tafi sabgarsa. Ranar da aka ce ba a yarda da kai a fadama ba, ranar ka rufe akwati. Ga ni kuma da wasuwasi. In na ɗaure noti, sai na juyo daga rabin hanya na sake taɓa shi. (Matata ta ce ko barci nake yi, fuskata kamar ta wanda ya manta wani abu a kasuwa.)

Abin ya faro ne daga wata tsutsa. Ina jiran inji ya huce a wata gona ta wajen Baturiya, sai na ga tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya tana cin ganyen tumfafiya hankali kwance. Tumfafiya fa, wadda tun muna yara ake ja mana kunne kada farin ruwanta ya shiga mana ido! Na tsinko ganyen da ita, na sa a gwangwani na kai gida. Bayan 'yan kwanaki ta daina ci, ta rataye kanta a jikin murfi, ta koma wani ɗan kore kamar ɗan kunne, har da ɗigon zinare. Na ɗauka na kashe ta, na yi kwana biyu ina istigfari. Wata safiya na buɗe gwangwanin, sai ga malam-buɗe-littafi ruwan goro, bakin fikafikansa baƙi da ɗigon fari, yana shanya jikinsa.

Daga nan na lalace. Na fara bin su da waya ina ɗaukar hoto. (Sai da na je wajen limamin unguwarmu sau uku ina tambayar hukuncin ɗaukar hoton ƙwaro. A na ukun ya ce, "Malam, je ka ɗauka, ka bar ni in karya kumallo.")

Akwai wani Malam Sule, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya ya koma lambun lemo, ni nake gyara masa inji. Shi ya nuna mini cewa duk da suna ɗaya muke kiransu, ba iri ɗaya ba ne. Sunayen da ke cikin littafinsa sun fi ƙarfin harshena, don haka na raɗa musu nawa. Akwai Ɗan Tumfafiya. Akwai Ɗan Tafasa, fari mai sirkin kore, wanda tsutsarsa ke cin tafasa. Akwai 'Yar Rawaya, ƙarama, ba ta tashi sama da gwiwar mutum. Akwai wani babba baƙi mai ɗigon rawaya da ke yawo a lambun Malam, na ce masa Sarkin Lemo. Har akwai wata mayaudariya da ta ari kamannin Ɗan Tumfafiya sak, don tsuntsu ya ɗauka ita ma ɗaci gare ta ya ƙyale ta, alhali mijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo. Ranar da na gane wannan, tuwo ya huce a gabana ina ta kallon hotuna.

Malam Sule ya ce in ina son abin ya yi amfani, in riƙa rubuta wuri da rana da lokaci da adadin da na gani. Na sayi ɗan littafin rubutu. Sauran kuma na koya da wahala: kada inuwarka ta faɗa musu, kada ka zo musu ta sama, ka yi ƙasa-ƙasa, ka jira.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Me ya sa farare da rawaya suke cika a lakar mashayar shanu, wurin da ke ta wari, alhali ga laka mai tsabta a bakin injina ba sa ko kallonta? Malam Sule ya ce zai duba littafi, bai duba ba. Ni kuma na shiga bin mashaya ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa.

Ranar Larabar, ruwan kogi ya fara janyewa, kowa ya shiga noman rani. Alhaji Garba, babban manomin da ya fi kowa ba ni aiki, ya kira ni da safe, injinsa ya ƙi tashi. Na ce masa ga ni nan a hanya. A hanyar ne na hango mashayar gindin tsamiya ta yi fari fat, kamar an zubar da auduga. Ban taɓa ganinsu da yawa haka ba. Na ce minti biyar kawai. Na kafe babur, na rarrafa, na kifa ciki a laka.

Ina kwance garken shanu ya iso. Na ga ƙafafunsu, ba zan yi ƙarya ba. Amma shanun ba su damu da ni ba, malaman kuma in sun tashi sai su sake sauka a tsakanin kofatai. Matsalar ita ce duk tashin da suka yi sai lissafina ya rikice, ni kuwa ba na iya rubuta adadin da ban tabbatar ba. Sai na fara ƙirgawa da ƙarfi, waya a hannun hagu, yatsan dama yana nunawa.

"Talatin da bakwai, talatin da takwas, talatin da tara…"

Sai na ji sanyin sanda a ƙeyata.

"Kai, kaɗo! Me kake ƙirgawa?"

Wani dogon makiyayi ne da malafa, daga baya na ji sunansa Buba. Nan take abubuwa biyu da na sani suka faɗo mini. Tun ina yaro na san Bafulatani ba ya son a ƙirga masa shanu, balle a nuna su da yatsa. Na kuma san a makon nan an kore shanu daga wata ruga da ke gaba, ana ta cewa ɓarayi sukan fara turo mutum da waya ya dubo musu. (Ni da bakina na ba wani labarin a wajen mai shayi, har ina cewa ya kamata a riƙa lura da baƙin fuska.)

Na zabura na ce, "Wallahi ba shanunka ba ne, na ƙasa nake ƙirgawa!" Muka duba ƙasa tare. Zaburar da na yi ta kore su kaf. Babu komai sai laka da kashin shanu.

Haka ya tasa ni gaba har ruga, ina tura babur. Ardo dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu a inuwa. Buba ya yi masa bayani da Fulatanci, ya miƙa masa wayata da littafina. Da aka tambaye ni wa ya san ni, na ambaci Alhaji Garba, aka kira shi. Ya iso yana huci.

"Tun ƙarfe takwas ka ce mini kana hanya! Shinkafata na can tana ƙonewa. Me kake yi a nan?"

Ardo ya ba shi littafin ya ce ya karanta musu. Alhaji ya karanta: "Mashayar bakin gada, Asabar, ƙarfe goma, ashirin da biyu. Mashayar gindin tsamiya, Litinin, ƙarfe sha ɗaya, arba'in da ɗaya." Ya juya shafi, ya ga haka abin yake har ƙasa. Ya rufe littafin a hankali, ya ɗan matsa nesa da ni. Wannan matsawar ta fi sandar Buba zafi. Na ga akwatin sifanuna yana rufuwa a gaban idona, don in Alhaji ya janye, babu manomin da zai sake kirana.

Aka ce in buɗe wayar. Buba ya tsuguna kusa da Ardo yana turawa da yatsa. Laka. Laka. Kofaton saniya. Kashin shanu. Kashin shanu daga gefe. Kashin shanu daga kusa, ya fito tar. (A cikin kowane hoto goma da nake ɗauka, tara malamin ya riga ya tashi.)

"Bawan Allah," in ji Ardo, "kana da iyali?"

"Ina da su, Baffa. 'Ya'ya huɗu."

"Sun san wannan aikin kake yi?"

Na karɓi wayar, na nemo hotuna masu kyau, na faɗaɗa masa su. Na shiga zuba bayani, tun daga tsutsa har gwangwani. Ardo ya daɗe yana duban hoton Ɗan Tumfafiya, sannan ya ce, "To, wannan jan, nawa ka ƙirga a mashaya yau?"

"Ko ɗaya, Baffa. Ban taɓa ganinsa a mashaya ba. Farare da rawaya ne ke sauka a laka, shi fure yake bi."

Ya dubi Buba. "Gaskiya ya faɗa. Shekara sittin ina bin shanu, ban taɓa ganin jan nan a laka ba. Ɓarawo ba ya duban ƙasa har ya san wannan." Ya sake dubana. "Kai ɗan wane gida ne?"

Na faɗa masa, na ƙara da cewa mahaifiyata Babarbariya ce.

"Ai shi ke nan! Buba, ba shi kayansa, bawanmu ne. Babarbare bai taɓa mallakar saniya ba, shi ya sa yake ɗaukar hoton kashinta ya kai gida ya nuna wa yara."

Aka fashe da dariya, har matan da ke bayan bukka. Alhaji ya dawo kusa da ni yana share hawayen dariya. A al'ada ya kamata in rama, tunda wasa ne tsakaninmu da Fulani, amma na bar masa a wannan karon. Mai hankali da ya yi godiya ya hau babur. Ni sai na ji kaina ina cewa, "Baffa, don Allah, me ya sa suke taruwa a mashaya?"

"Au, duk rubutun nan ba ka sani ba? Gishiri suke lasa. Shekaranjiya muka ba shanu kanwa. Duk inda saniya ta yi fitsari bayan ta sha kanwa, nan za ka gan su. In ka tsaya shiru cikin rana, har zufar hannunka za su sauka su lasa."

Wata uku ina bin mashaya a kan cikina, ashe amsar na zaune a kan buzu.

Amma bai sake ni haka ba. Ya ce ko da ƙwari nake nufi, yatsana shanunsa ya nuna, bakina kuma a kansu ya yi ƙidaya. Su ba sa ƙirga shanu, kowace da sunanta suka san ta, ƙidaya tana cire albarka. Don haka in je gaban garken in yi ta cewa tubarkalla.

Na miƙe, na ce, "Baffa, sau nawa zan faɗa?"

Ardo ya ce, "Kun ji shi ko? Zai sake ƙirgawa!"

Na tsaya a gaban shanun da laka a gemu ina tubarkalla har Alhaji ya gaji ya ja ni gonarsa. Fulogi ne kawai ya yi datti. Kafin la'asar labarin ya zagaye fadama. Aiki dai bai tsaya ba, sai dai yanzu duk wanda ya kira ni sai ya ce, "In ka gama da shanu, ka leƙo injina."

Abin da na koya shi ne, kafin ka kifa ciki a ƙasa don kallon ƙaramin abu, ka ɗaga kai ka yi wa mai babban abu sallama. Yanzu Buba da kansa yake kirana. Makon jiya ma ya kira.

"Kaɗo, jiya mun ba su kanwa. Ka zo da safe. Amma ka baro yatsanka a gida."