Yadda Mai Tumbi Zai Ci Tseren Keken Wurno Zuwa Goronyo

Ɗan'uwa, in kana da tumbi, kana da buri, kuma rabonka da taka feda tun kana sakandare, to matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jero su, za ka zo na ɗaya a tseren keke, ko da numfashinka ba ya kai ka daga zaure zuwa masallaci. Ba shaci-faɗi ba ne, an gwada an gani. Wanda ya gwada kuwa shi ne Siddiƙu na Wurno, mai shagon taki da maganin feshi. Ya daɗe yana neman jam'iyyarsa ta tsayar da shi takarar kansila, manya suna ce masa matasa ba su san shi ba. Da ƙungiyar matasa ta shirya tseren keke daga Wurno zuwa kasuwar Goronyo, sai ya ga ƙofa ta buɗe. Duk abin da zan koya maka, a wurinsa na gani.

Mataki na ɗaya: Ka nace sai da bazara

Kada ka yarda a yi tsere lokacin da gari ke da daɗi. In gari da daɗi ka faɗi, kai ne ka faɗi. Bazara kuwa uwar uzuri ce. Da hantsi rana kamar an buɗe tanda, da azahar iska, can kuma sai hadari ya taso wanda shi kansa bai san ko zai zubar ba. Duk wanda ya kayar da kai a cikinsu, kana da wanda za ka ɗora wa laifi.

Ɗahiru, shugaban matasan, ya zo shagon Siddiƙu da shawarar a ɗaga.

"Onarabul, wanga zahi ko jaki ba shi son tahiya. A bari damana ta zauna mana."

"Namiji ba shi jiran inuwa," in ji Siddiƙu. Yana faɗin haka ne fanka na kaɗa shi, ga ledar ruwan sanyi ya ɗora a ƙeya.

Ɗahiru ya ji kunya, aka bar rana yadda take.

Mataki na biyu: Keke na aro

Kada ka saya. Keken aro in ya ci, kai ka ci. In ya kasa, mai shi ne bai kula da abinsa ba.

Siddiƙu ya nufi gidan Kawu Mode, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ke ɗauko kifi daga bakin dam yana kawowa gari. Kekensa baƙi ne, mai nauyin maraƙi, da kariyar ɗaukar kaya mai faɗin faifai. Ƙarnin kifi ya kama shi har cikin kaca, kyanwoyin unguwa suna yi masa rakiya.

Kawu Mode ya dubi ɗan 'yar'uwarsa sama da ƙasa. "Kai da kat taho nan bisa mashin, alhali in ka yi tari gidanka ina ji daga nan? Mi za ka yi da keke?"

"Kawu, siyasa ta."

"To, Allah shi kyauta. Amma ka sani birki nai ba shi kamawa. Ni da diddige nika tsai da shi."

Siddiƙu bai saurari wannan ba. Kai ma kada ka saurara. Mai niyyar zuwa na ɗaya ba ruwansa da birki.

Mataki na uku: Ka yi atisaye da baki

Ƙafa tana gajiya, baki ba ya gajiya. Ka samu teburin mai shayi mai jama'a, ka zauna a tsakiya. Siddiƙu ya fara da cewa yana yaro ya taɓa zuwa Rabah a keke. Kafin mako ya zagayo, ya je Rabah ya dawo kafin shayinsa ya huce. Daga baya har wata motar haya ta shigo labarin, wadda ya wuce a kan hanya direban yana roƙon ya rage gudu.

Atisayen gaske sau ɗaya ya gwada, bayan sallar asuba. Ya hau daga ƙofar gida, ya kai ƙarshen lungu, ya dawo yana turawa, harshe waje. Matarsa Adawiyya tana shara ta ɗago.

"Baban Rumaisa, har ka kai Goronyon ka dawo?"

"Iska nika dubawa."

"To ka duba hawan jininka tukun. Likita yac ce ka bar gishiri, bai ce ka bar duniya ba."

Da ya fito da gajeren wando mai manne wa jiki, irin wanda ya ga 'yan tsere na sawa a waya, sai ta jingine tsintsiya. Ta rantse in ya fita da shi mutane suka gani, ita gidansu za ta. Aka yi sulhu, ya sa shi a ƙarƙashin kaftani.

Mataki na huɗu: Ka yi aboki da direba

Nan ne zuciyar darasin, ka buɗe kunne. Tsakanin Wurno da Goronyo tafiya ce, kuma Allah bai halicci mota don wasa ba.

Akwai Sale, mai a-kori-kura, da ke kai albasa kasuwar Goronyo. Siddiƙu ya ja shi bayan shago suka yi ƙus-ƙus. Sale zai tsaya bayan wata gonar mangwaro da ke gaba kaɗan da gari. Zai ɗora mutum da keke a kan buhuna, ya rufe da tamfol, ya sauke su dab da shiga Goronyo. Abin da Sale zai samu, wannan tsakaninsu ne da Mahaliccinsu.

"Onarabul, albasa da zahi hwa," in ji Sale.

"Ta kai taka feda zahi?" in ji Siddiƙu.

Sale ya yarda ba ta kai ba.

Mataki na biyar: Ka yi gudu iya inda waya ke gani

Ranar tsere gari ya waye ba ko ɗigon iska. Samari sun taru a bakin tasha, har da waɗanda suka zo daga Rabah. Kowa da irin kekensa: na zuwa gona, na zuwa makaranta, da wani da aka ɗaure sirdinsa da roba. An ja kunnen kowa kada ya bar kwalta, don halin da daji yake ciki ba sai an faɗa ba.

Ka tsaya a sahun gaba. Siddiƙu ya kutsa har ya taka ƙafar wani, ya ɗaga hannu biyu, wayoyi suka ɗauka. Da aka busa usur ya taka feda da duk ƙarfin da ya tara tun haihuwa. Jama'a na ihu, "Sai Onarabul!" Ya yi gaba, kaftani na kaɗawa.

Daidai inda ihun ya daina kaiwa, nan ƙarfin ya ƙare. Samari suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na ce masa sannu. Kwalta na tururi, gumi ya cika masa ido, ƙirjinsa na bugawa kamar ana daka. A ransa ya fara tuba daga zunuban da ma bai aikata ba. Da na ƙarshe ya ɓace masa, ya sauka ya ja keken zuwa gonar mangwaro, ya zube gaban Sale bai iya ko sallama ba.

Mataki na shida: Ka yi haƙuri da tamfol

Masu iya magana sun ce bayan wuya sai daɗi. Ba su taɓa kwanciya a kan albasa da bazara ba. Cikin tamfol duhu, zafi, yaji. Hawaye na zuba, feda ta tokare masa haƙarƙari, ga gajeren wandon nan ya kama shi kamar ɗan sanda. Amma da ya ji motar tana wuce 'yan tsere, yana jiyo nishinsu ta ƙasan tamfol, sai wani sanyi ya ratsa zuciyarsa. Har ya fara tsara jawabin godiya.

Sai bazara ta tuna da aikinta. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta riƙa fizgar tamfol, tsawa ta fashe, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, har da ƙanƙara tana dukan bayansa kamar ana jifa. Ruwan farko ke nan na shekara, ya zo da fushin wata da watanni.

Can gaba iska ta kayar da wata dalbejiya ta gindaya hanya. Sale ya ce bari ya zagaye ta gefe. Gefen kuwa laka ce ta fadama. Mota ta nutse har gindi, tayoyi na juyawa a banza, igiyar tamfol ta tsinke, ruwa ya fara shiga albasa.

Mataki na bakwai: In an kama ka, ka riga kowa magana

'Yan tsere suka iso jiƙe sharkaf. Ɗahiru ne a gaba, nasara na hannunsa. Amma da ya ga Sale ya ɗora hannu a ka, sai ya taka birki. Duk ɗan yankin nan ya san in ruwa ya shiga albasa, wahalar shekarar wani ce za ta ruɓe.

"Jama'a, a aje tsere! A kama ma bawan Allah!"

Suka jingine kekuna gaba ɗaya. Wasu suka shiga laka, wasu suka hau don su gyara tamfol. Da suka ɗaga, sai ga Onarabul kwance rungume da keken Kawu Mode, ido jawur, ɓawon albasa a gemu.

Kowa ya zuba masa ido.

Kai da ba ka da horo, nan za ka sunkuyar da kai. Kuskure ne babba. Kunya kayan talaka ce. Siddiƙu ya miƙe zaune ya daka musu tsawa:

"Sai yanzu kunka iso? Tun ɗazu nika nan ina danne ma talaka tamfol da jikina!"

"Da keken kaka danne shi, Onarabul?" in ji Ɗahiru.

"Ana maganar dukiyar mutane kana maganar keke? Ku tura!"

Abin mamaki, suka tura. Ba don sun yarda ba, sai don albasa ba ta jiran shari'a.

Mataki na takwas: Kada ka tura

Mai turawa baya yake, kuma baya ba a ba da kofi. Siddiƙu ya sauko da kekensa, wai zai rage wa mota nauyi. Ya tsaya gefe yana ba da umarni, "Ku haɗa ƙarhi! Saura kaɗan!" Ya duba, kowa ya dulmuya cikin laka har gwiwa, kafaɗa a jikin mota, kai a ƙasa. Ya duba gaba, hanya fetal, iska kuma ta juyo tana busawa ta bayansa.

Ya ɗaga keke ya tsallake reshen dalbejiya, ya hau.

Iskar nan ta cika kaftaninsa ta yi ta ingiza shi, ko feda bai cika takawa ba. Da ya gangaro Goronyo ne ya nemi birki, ya tuna babu. Ya sa diddige, takalmi ya fita. Abin da ya tsayar da shi tarin buhunan dusa ne a bakin kasuwa.

Ya tashi yana ɗingishi, ya ɗaga hannu. "Na ci!"

Ba kowa. Iska ta yi gaba da rumfar alƙalai, su kuma sun fake a masallaci. Wasu jakuna biyu ne kawai a ƙarƙashin bishiya, su ma ba su juyo ba. Haka ya tsaya cikin ruwa da takalmi ɗaya, yana rawar sanyi, yana maimaita "na ci", har alƙalan suka leƙo suka ga mutum da keke. Tun da ba wani a gabansa, suka miƙa masa kofi.

Mataki na tara: Ka zauna gida, lada na tafe

Kafin magariba labari ya riga shi komawa Wurno. Samari suka raɗa masa Sarkin Tamfol. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rufe shago, ko masallaci sai ya leƙa ya ga lungu ba kowa. Adawiyya ta kifa kofin a kan tulu, ta ce ko ba komai ya hana ƙuda faɗawa. Shi kansa ya sallama, ya ce siyasa ta ƙare.

Ana haka sai ga sallamar Alhaji Lawwali, dattijon da ba a tsayar da kowa takara a mazaɓar sai da yardarsa. Siddiƙu ya fito zaure lulluɓe da bargo, ya durƙusa.

"Baba Alhaji, wallahi sharrin Shaiɗan na. A yi min aikin gahwara."

"Tashi, ɗana. So nike in ji daga bakinka. Gaskiya ta kab bar yaran ga cikin laka suna turi, kai kaw wuce?"

"Gaskiya ta, Baba."

"Kuma da anka buɗe tamfol, kai kaf fara yi musu hwaɗa?"

Siddiƙu ya gyaɗa kai, yana jiran hukunci.

Alhaji Lawwali ya ja carbi. Can ya numfasa, idonsa har ya kawo ruwa.

"Shekara da shekaru muna biɗar irinka, ashe kana nan kana saida taki. Gobe ka taho da hotonka, a kai wurin masu fosta."

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya same ka: hawan jini, faɗuwar tsawa, ciwon ido, dukan samari, ko yajin uwargida. In direbanka ya manta da kai ya wuce Legas da albasa, ka yi kuka da kanka. In kuma ka bi matakan nan har ka wayi gari kansila, mutanen mazaɓarka kada su zo ƙofata. Ni keke kawai na koyar.