Injiniya Dubai da Akwatin Tafinta

"Ni da na haɗa injinan biyan kuɗi a Dubai, garin da ko mai sayar da ruwa da kati ake biyansa? Ku ba ni kwana uku, Alhaja. In na kai huɗu, a aske mini gemu a tsakar kasuwa!"

Haka Kolapo ya faɗa ranar wata Litinin a ofishin ɗan bankin ƙungiyarmu ta masu leshi da ke bayan kasuwar Gbagi a Ibadan, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana kaɗa makullin motar da har yau ba wanda ya taɓa ganinta. Gemun kuwa, abokina, gashi goma sha ɗaya ne, na ƙirga da idona. Dubai ɗin ma kwana tara ya yi, ya raka kawunsa sayen tayil. Amma tun da ya dawo ko tari zai yi sai ya ce a Dubai ba haka ake yi ba, har kasuwa ta laƙaba masa Injiniya Dubai, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Babbar shaidarsa wani kati ne mai ruwan zinariya na buɗe ƙofar ɗakin otal, wanda ya manta bai mayar ba. Duk wanda ya yi masa musu sai ya zaro shi.

Ga abin da ya kawo shi. Alhaja Simbiyatu, uwar ƙungiya, ta sayo injinan POS guda arba'in. Akwai babban bikin binne wata tsohuwa ranar Asabar, danginta sun zaɓi leshinmu a matsayin anko, mutum ɗari shida, kuma Alhamis za su yi dandazon saye. Alhaja ta ce in injinan suka yi aiki ranar, Kolapo ne zai haɗa na rumfuna ɗari uku da suka rage. Ka ga aikin da zai sayi motar makullin nan ke nan.

Ni kuma sunana Rasaki, shekarata ashirin da huɗu ina kula da tsohuwar kwamfutar bankin, wadda muke kira Baba Agba, wato tsoho tukuf da Yarbanci. Ya kai firiji biyu girma, yana gurnani, amma bai taɓa ɓatar da kwabon kowa ba. Matsalarsa ɗaya ce, yaren da yake ji tsohon yare ne na zamanin wayar tarho. Sababbin injinan kuwa yaren intanet suke yi. Shi ya sa kamfanin da ya sayar da su ya haɗo da wani ɗan akwati mai ruwan toka, girman burodin Agege. Injin ya yi magana, akwatin ya fassara wa Baba, Baba ya amsa, akwatin ya mayar. Tafinta ke nan. Sai dai tafintan ba ya aiki sai an saka masa wasu lambobi na Baba Agba, lambobin kuma suna cikin littafina, a aljihun rigata.

Duk yaron da aka haifa a Ibadan ya san yadda ake neman abu wurin babba. Ka kwanta, ƙirjinka ya taɓa ƙasa, ka ce Baba ina kwananku, sannan ka faɗi buƙata. Ni ban ma nemi kwanciyar duka ba, da ya ɗan rusuna da na miƙa masa littafin har da biro. Sai kawai na ga an miƙo mini hannu.

"Kai ne mai gadin wannan gawar?"

Wai kai ya ce mini! Ba ma ku ba. Ni da na sha sunan ubansa.

Na ce, "Ni ne, ɗana. Ga akwatin tafinta can, zai buƙaci..."

"Tafinta? Baba, an daina wannan tun tuni. Tarkace ne suke cusawa don su ƙara kuɗi. A Dubai kai tsaye ake yi, inji ya yi magana da inji."

Ya ɗauki akwatin ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye a gefen tebur. Da azahar aka kawo masa amala da miyar ewedu, wato ayoyo, ya ɗora kwanon a kai. Ya ce daidai tsayin da yake so. Ni dai na gyara zama, na ƙara danna littafina cikin aljihu. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci, kuma na ƙudura sai na ga ƙarshen wasan.

Ranar Talata ya zo da wayar intanet zai cusa wa Baba Agba a baya. Bakin wayar ƙarami, ramin Baba kuwa mai faɗi ne mai haƙora ashirin da biyar. Ya tura, ya murɗa, ya hura, ya zagi wanda ya ƙera. Daga baya ya feɗe wayar da reza, ya soka silin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe da salatif.

"Baba, matsa baya. Ka kalli ilimi."

Ya kunna. Sai tsohuwar firintar Baba Agba ta farka da ihu, ta shiga aman takarda cike da alamar tambaya. Layi bayan layi, ba harafi ko ɗaya, alamar tambaya zalla. Takarda ta sauka ƙasa, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, har mai shara ta leƙo ta ce ko a kawo buhu.

Na ce, "Ɗana, Baba cewa yake bai gane ba."

"Murna yake yi! Bai taɓa jin magana mai sauri haka ba."

Laraba ta yi, gumi ya fara cin kwalar rigarsa. Da ya ga na fita alwala, sai ya lallaɓa ya goge miyar da ke kan akwatin ya jona shi. Na dawo na tarar akwatin yana ƙyafta jar fitila, yana neman lambobi. Kolapo ya saka ranar haihuwarsa. Ya saka lambar wayarsa. Ya saka lambar ɗakinsa na otal a Dubai. Ya waigo ya dube ni, ya dubi aljihuna, ya dubi ƙasa, ya dubi farar shaddarsa. Na ga gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe, wallahi har na kai hannu aljihu. Sai ya miƙe ya ce ƙafarsa ce ta yi sanyi. Ya cire akwatin ya mayar da kwano.

Da la'asar na ji ya buga tsalle. Wai ya gano wata ɓoyayyiyar hanya a cikin injin POS ɗin. Abin da ya gano shi ne wurin da ake saka injin a gwaji, don koya wa sababbin ma'aikata. A nan injin ba ya kiran kowa, ba ya tambayar kowa, duk katin da aka goga sai ya ce an karɓa, ya tofo rasit. A ƙasan rasit ɗin akwai ɗan layi da ke cewa gwaji ne, ba kuɗin da ya motsa.

Na nuna masa da yatsa. "Ka karanta nan?"

"Na karanta mana. Injin yana koyon hanya ne. In ya gama koyo, kuɗin za su taho gaba ɗaya. Baba, ka bar abin da ba zamaninka ba."

Don kada layin ya rikita mata, sai ya koya musu wata irin yaga. A riƙe rasit, a karkata hannu, a fizge, ƙasan ya zauna a bakin inji. Ya ce sunanta yagar Dubai, haka manyan kantuna suke yi.

Na je na sami Alhaja na ce akwai matsala. Tana waya da kunne ɗaya, tana auna leshi da hannu biyu. Ta ce, "Baba Rasaki, ku da yaron nan kishi kuke yi. Na gani da idona, ya ce an karɓa." Na ce to, Allah ya kai mu goben.

Alhamis kasuwa ta cika maƙil. An kira masu kalangu, Kolapo ya sha babbar riga har tana share ƙasa, yana bi rumfa rumfa ana yi masa kirari. Injinan kuwa sai wuta suke. Kafin mai saye ya gama saka lambar sirrinsa rasit ya fito. Mata suna fizge yagar Dubai har da juya kugu. Leshi yana fita turmi turmi. Ni ina zaune gaban Baba Agba, allonsa wayam, ko ƙuda bai gifta ba.

Wajen sha biyu Alhaja ta fara duban wayarta. Ta girgiza ta, ta ɗaga ta sama, ta kashe ta kunna.

"Injiniya, ban ji alat ba."

"Suna hanya, Alhaja. Kuɗin sun yi yawa ne, sun yi cunkoso."

Ana cikin haka sai ga Iya Mulika, wata tsohuwa cikin dangin masu biki, ido ya yi rauni. Ta kwance bakin zaninta ta zaro kati ta miƙa, aka goga, rasit ya fito. 'Yarta ta karɓi katin za ta mayar mata, sai ta ƙwala ihu.

"Iya! Wannan ai katin Baba ne!"

Baban nan shekararsa shida a kabari, bankin da ya ba shi katin ma ya rufe. Iya Mulika ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. "Lamidi! Da ranka ko ɗankwali ba ka saya mini ba, sai yanzu!"

Kalangu ya tsaya. Alhaja ta ajiye almakashi a hankali, ta tako har gaban Kolapo, ta buɗe tafin hannu.

"Ɗana, ara mini katin nan naka na Dubai."

"Alhaja, ai wannan na ƙofa ne, ba na..."

"Kawo."

Ta goga shi da kanta, ta danna naira miliyan hamsin. Injin bai ko yi tari ba, ya ce an karɓa. Ta ja rasit ɗin har ƙarshe ba tare da karkata hannu ba, ta saka tabarau, ta karanta layin ƙasan da ƙarfi yadda har masu goro na bakin titi suka ji. A lokacin turmi ɗari biyu da goma sun riga sun bar kasuwa, wasu ma suna kan keken tela.

Ban san yadda aka yi ba, na dai ji rif a ƙofar ofis. Na duba, sai ga Injiniya Dubai shimfiɗe a ƙasa, babbar riga da komai, haɓa a kan siminti, mata arba'in a bayansa kowace da takalmi a hannu.

"Baba, ina wuninku. Baba, ku yi wa Allah. Lambobin nan."

Na bar shi a nan har na gama goge tabarauna, ɓangare biyun. Sannan na sauke kwanon amala, na jona akwatin, na saka lambobi. Minti bakwai fitila ta koma kore. Aka fitar da injinan daga gwaji, aka goga katin Alhaja na naira ɗari, Baba Agba ya yi gurnaninsa, wayarta ta yi ƙara. Aka goga na marigayi Lamidi, injin ya ce bai san shi ba. Iya Mulika ta ce dama ta san halinsa.

Sa'ar da aka yi, masu anko dangi ɗaya ne, kuma Alhaja ta san gidan kowa. Ta rataya wa Kolapo inji a wuya, ta haɗa shi da mata biyu masu ƙarfi. Alhamis da Juma'a ya zaga gida tamanin da uku, daga unguwar Beere har Apata, kuma a kowane gida sai ya kwanta ya ba da haƙuri kafin a sake miƙo kati. Wanda ya ƙi rusuna wa tsoho ɗaya, ranar Juma'a har wa mai gadi ya kwanta, don ya zaci maigidan ne. Kuɗi dai suka dawo cif, sai fatar gwiwarsa da ba ta dawo ba.

Ka ce ya ji kunya ya ɓace? Ranar Litinin sai ga shi a ofis, yana ɗingishi, da takarda a hannu. Wai kuɗin aikinsa, naira miliyan ɗaya da rabi, tunda dai a ƙarshe injinan sun yi aiki a ƙarƙashin kulawarsa.

Na zaci Alhaja za ta cire takalmi. Sai ta yi murmushi. "Gaskiyarka, ɗana. Haƙƙinka ne. Miliyan ɗaya da rabi ma ya yi kaɗan, biyu zan ba ka."

Ta jawo aljihun tebur ta fito da inji guda da ta hana a taɓa, wanda aka bari yadda Injiniya ya saita shi. Ta goga katinta, ta danna miliyan biyu, rasit ya fito. Ta riƙe shi, ta karkata hannu, ta fizge, yagar Dubai mai kyau wadda ko shi bai iya irinta ba. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga shi, an karɓa. Je ka gida ka jira alat. In injin ya gama koyo, za su taho gaba ɗaya."